Shekarar da Na Raba wa Duna da Ja'o Kasko

Ranar Alhamis ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Na fito daga ɗakin girki ɗauke da kasko cike da ragowar tuwo da romon kan rago, na dire shi a tsakar gida inda na saba, na ja da baya. Karnukanmu biyu suka taho tare, Duna baƙi wuluk mai jin ƙarfi, da Ja'o tsoho mai furfura a baki, suka sa kai. Ban san akwai ƙashi a ƙasan romon ba sai da na ga Duna ya daina motsi. Wutsiyarsa ta tsaya cak, ya rufe kaskon da ƙirjinsa kamar kaza a kan ƙwai, sai farin idonsa kawai ke juyawa. Ja'o ya miƙa baki. Kafin in buɗe nawa bakin kasko ya rabe biyu, awaki na fizgar igiya a turke, ƙannena sun ruga ɗaki suna ihu, su kuwa sun dunƙule wuri ɗaya ba ka gane baƙin daga jan. Sai da Inna, mahaifiyata, ta sheƙa musu ruwan wanke-wanke suka rabu. Kunnen Ja'o ya tsage, jini na ɗiga a kan yashi. Baba ya fito da butar alwala a hannu, ya daɗe yana kallon jinin. Ni ce a tsaye dab da shi, amma Inna ya juya ya ce wa, "In aka sake zubar da jini a gidan nan, ɗaya zai tafi ruga."

Bai faɗi wanne ba, kuma ban buƙaci ya faɗa ba. Ja'o karen mahaifinsa ne. Wata huɗu kafin nan kakanmu ya rasu a ƙauyenmu da ke wajen Miga, aka ɗauko kakarmu Iya da ƙullin kayanta da ƙwaryar nononta aka kawo ta wurinmu, tsohon karen ya biyo su a bayan akori-kura yana kwance kan buhun gero. Babu yadda za a yi Baba ya kori abin da ubansa ya bari. Duna ne zai tafi, shi da aka kawo yana ɗan kwikwiyo a cikin kwali ina aji ɗaya. Rugar kuwa na san ta, can ƙannen Baba ke kiwon shanunmu, kuma akwai manyan karnuka huɗu da suka tashi tare da garken, ba sa barin ko baƙon jaki ya raɓi wurin. Karen gari da bai taɓa kwana a daji ba, na san ba zai ga damina a cikinsu ba.

Gidanmu a lokacin yana can ƙarshen unguwar Takur a Dutse, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, manyan duwatsu a bayanmu da itatuwan dabino jefi-jefi. Baba ma'aikacin gwamnati ne, yana fita da babur tun ƙarfe bakwai da rabi, amma ɗan makiyaya ne, ba ya iya barci in ba ya jin motsin dabba. Muna da tumaki da awaki a turke, da rumbu ɗaya a kusurwa, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Saboda dabbobin aka ajiye kare. Ba a taɓa shi da hannu, ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar tabarmar salla, kuma kaskonsa ba ya haɗuwa da kwanukan gida ko a wurin wanki. Share turke, da dama dusa, da zuba harawa, da ciyar da karnuka, duk aikina ne, domin ni ce babba.

Zama babba a gidanmu yana da wani nauyi da ban san sunansa ba sai da na girma. Ni 'yar fari ce, iyayena kuwa mutanen kunya ne na gaske. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke", in kuma tana maganata da wani ta ce "yarinyar nan". Ƙannena suna hawa cinyarta, tana yi musu wasa, ni kuwa ko zazzaɓi nake sai dai ta ajiye kunu a bakin ƙofa ta ce wa ƙanena ya miƙa mini. Baba in yana son in yi abu, Inna yake gaya wa ko da ina gabansa. Ba ƙiyayya ba ce, na san haka ko a lokacin, domin na sha ganin an zaɓo mini tsokar da ta fi kyau an tura gefen kwanona. Amma yarinya 'yar shekara tara ba tsoka kawai take so ba. A makaranta ma ban iya shiga mutane ba. In an fita tara, 'yan ajinmu na carafke da 'yar gala-gala a gindin bishiya, ni ina jingine da bangon aji ina kallon yadda tururuwa ke jan ɓawon gyaɗa. Sau ɗaya wata Balaraba ta ce in zo in cike musu gurbi, na tsaya ina neman abin da zan ce har suka sami wata.

Duna ne kaɗai yake nuna yana sona a fili, ba ya jin kunyar kowa. In na dawo daga Islamiyya da la'asar, na kifa tsohon turmi a gindin darbejiya na zauna yin aikin gida, sai ya zo ya kwanta a inuwata, bayansa kusa da ƙafata har ina jin ɗuminsa. Ina da wani karan dawa da na fere bakinsa, da shi nake sosa masa bayan kunne, shi kuwa ya lumshe ido yana buga ƙasa da wutsiya. Ina karanta masa haddata a hankali. Ya san muryata fiye da malaman ajinmu.

Washegarin faɗan Baba ya kawo maganin da yake gani shi ne daidai. Ya sa aka samo sabon kasko mai faɗi, ya ce wa Inna, "Mu bakwai muka tashi, akushi ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani hannu. Kada a raba musu. Su ci tare, za su saba." Haka muke ci mu ma, maza kwano ɗaya, mata kwano ɗaya, yaron da ya ja kwano gabansa ya sha rankwashi. A wurin Baba, raba wa 'yan gida ɗaya abinci shi ne mafarin gaba. Bai ga dalilin da zai sa kare ya bambanta ba.

Ni kuwa na zauna ina kallo, tunda kallo shi ne abin da na iya. Cikin mako biyu na gane abu uku ne ke haɗa su. Na farko kasko. Duna ba da gurnani yake farawa ba, da farko sauri yake ƙarawa, yana haɗiyar tuwo ba tauna, sannan ya ƙame, sannan leɓensa na sama ya ɗan ɗaga. Ja'o kuwa ya koyi jira a nesa har sai an gama, ya zo ya lashi kasko, haƙarƙarinsa na ƙara fitowa kullum. Na biyu gindin randa, inda ruwa ke tsatsafowa yashi ya yi sanyi. Wurin kwanciyar kare ɗaya ne, kuma da rana tsaka kowa na so. Na ukun ya fi ba ni wuyar faɗa. Ni ce.

Duk lokacin da Ja'o ya nufo turmina, Duna sai ya miƙe ya gitta tsakaninmu, ya ba ni baya, ya kafe ƙafafu. Ranar farko da ya yi haka wani abu ya tsirga mini a ƙirji mai daɗi. Ba a taɓa tsayawa a gabana an ce wannan tawa ce ba. Daga nan na fara jawo abin da kaina. Sai in kira Ja'o da ɗan tsaki, in miƙa masa karan, don kawai in ga Duna ya tashi. In ya tashi in yi murmushi in mayar da karan kansa. Na san abin da Baba ya ce, na san abin da ke jiran Duna a ruga, amma kullum sai in ce yau kaɗai.

Wata Talata da la'asar, Baba bai dawo ba, Inna ta shiga maƙwabta barka, na yi abin da na saba. Wannan karon na bar karan ya daɗe a wuyan Ja'o, tsohon ya matso har ya ɗora haɓarsa a gefen turmi. Duna bai yi gargaɗi ba. Ya cafki ƙafarsa ta gaba, ya girgiza sau ɗaya, ya saki da na ƙwala ihu. Raunin ba babba ba ne, amma jini ne, ɗigo biyar ko shida a kan yashi. Na ɗebo toka a murhu na barbaɗa wa ƙafar daga nesa, na tattake jinin da silifas, na ja tsintsiya a kai. Da na ɗago sai na ga Iya zaune a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Zulai, zo nan," ta ce. Ita kaɗai ke kiran sunana a gidan. "Uwar shiru, ashe kin iya haɗa yaƙi. Sati nawa ina kallonki kina kunna su kamar fitila."

Na durƙusa na ce, "Iya, don Allah kar ki gaya wa Baba."

Ta yi wata 'yar dariya. "Ni in gaya masa? Yaushe kika taɓa jin na yi masa doguwar magana?"

Sai a lokacin na lura da abin da ke gabana tun zuwanta. Baba ɗan farinta ne. In ya zo gaishe ta da safe, bango take kallo tana amsawa, kuma ba ta wuce "lafiya lau". Ta san kasko ɗaya kuskure ne tun ranar farko, tana kallon karen mijinta yana ramewa, amma ba za ta iya buɗe baki ta gyara wa ɗanta ba, kamar yadda ni ma ba zan iya ba. Mu biyu muka sani a gidan, mu biyun kuma bakinmu a ɗaure.

Ta ce Malam, haka take kiran kakanmu, ya riƙe karnuka uku shekara da shekaru bai taɓa haɗa musu kasko ba. Kowanne da bishiyarsa. "Ɗan mutum in ya ja kwano ka harare shi ya ji kunya. Wannan ina ya san kunya? Abin da ya sani, in bai rufe ba za a ɗauke." Ta lissafa mini abin da zan yi tana jan carbinta, kamar mai ba da saƙon cefane. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta dube ni sosai. "In ya gitta tsakaninki da tsohon, kar ki daka masa tsawa, kar ki dake shi. Tashi kawai ki shige ɗaki. Ya gane in ya tsare ki, rasa ki zai yi." Na ce to a bakina, ban san shi ne mai wuyar ba.

Sauran duk sun zo da sauƙi. Na nemo gutsuren tsohuwar tukunya guda biyu, kowane kare ya sami kaskonsa. Da safe in ƙarar babur ɗin Baba ta ɓace, sai in zura wa Duna igiya in ɗaure shi a bayan rumbu da nasa, in kai wa Ja'o nasa can bayan turken awaki, inda ba sa hango juna. In sun gama in kwashe duka biyun in wanke, domin na lura ko kasko ba komai a ciki Duna na iya kwanciya a kansa yana tsaro. Babban kaskon Baba na bar shi a tsakar gida da ruwa a ciki. Ƙashi kuwa na hana ƙannena jefawa, ina tara shi a gwangwani, sai an ɗaure kowa a wurinsa. In Duna ya tsinto wani abu a bola ya kwanta a kai, ba na ƙwata, sai in jefa masa ƙanzo can gefe, in ya tashi in sa kara in janye abin. Kullum kafin in tafi makaranta ina zuba rabin bokiti a gindin darbejiya, wurin sanyi ya zama biyu. Inna tana ganin duk wannan. Sai ta fara raba ragowar tuwo gida biyu kafin ta tura mini.

Ranar farko da Duna ya gitta na tashi na shige ɗaki, ta kafar labule na leƙa shi. Ya tsaya yana kallon turmin, ya shinshina littafina, ya zo bakin ƙofa inda ya san iyakarsa ya zauna yana wani siririn kuka. Na ƙirga ɗari a zuciyata na fito. Ja'o ya motsa, ya sake gittawa, na sake tashi. A yammacin nan sau shida na shiga ɗaki, aikin lissafina ban gama ba, washegari na sha bulala biyu a hannu. Haka muka yi ta yi har aka yi shuka, har gero ya kai gwiwa. Wata rana Ja'o ya zo ya kwanta a hagu da ni, Duna ya ɗaga kai, kunnuwansa suka miƙe, na riga na dafa turmi zan tashi, sai ya sauke numfashi ya mayar da kansa ƙasa. Na jefa wa kowannensu ƙanzo, na Duna tukuna. Iya daga ƙofarta ta ce, "To, malama ta yaye ɗalibi."

Asirin ya tonu wata safiya da Baba ya manta wasu takardu ya dawo. Ya same ni tsakanin rumbu da turke, kasko a kowane hannu. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya dubi babban da ke cike da ruwa. Ya ɗaga murya ya ce wa Inna da ke cikin ɗakin girki, "Wa ya ce yarinyar nan ta raba musu?" Carbin Iya ya tsaya. Na san in ba a amsa ba za a koma kasko ɗaya, kuma na san inda hakan zai ƙare. Idona na kan yatsun ƙafata na ji muryata ta fito, ƙarama kamar ba tawa ba.

"Baba, in suna ganin juna ba sa iya ci. Ɗaya tsoro yake a ɗauke, ɗaya tsoro yake a cije shi. Tun da na raba ba su yi faɗa ba."

Ban taɓa haɗa masa jimla uku a jere ba sai ranar. Ya taka ya leƙa bayan turke, ya daɗe yana kallon Ja'o, wanda haƙarƙarinsa suka rufe, gashinsa ya kwanta. Da ya dawo ya wuce ta gabana ya ɗauki takardunsa, sai a bakin zaure ya tsaya, ya ce wa Inna, "A bar ta ta yi yadda take yi." Ba a sake maganar ruga ba.

Duna ya zauna. Amma ba Dunan da na sani ba ne ya zauna. Ya koyi darasin fiye da yadda na so. Ya daina manne wa ƙafata, ya sami wuri kamar taku huɗu daga turmi, nan yake kwanciya yana kallona, in na kira shi ya zo, in na gama sosa shi ya koma. Bayan shekara biyu Ja'o ya mutu da tsufa, aka binne shi a bayan gida wajen duwatsu. Na ɗauka yanzu da ba kowa Duna zai dawo inda yake a da. Na zauna a turmi yamma bayan yamma ina jira, har na kan matsar da ƙafata wajensa. Sai ya buga wutsiya sau biyu daga inda yake, ya lumshe ido. Iya ta bi mijinta ina aji ɗaya a sakandaren kwana. Duna ya mutu ina aji uku, ƙanena ne ya gaya mini ranar ziyara, a tsakiyar wani labarin ƙwallo.

Yanzu gonakin da ke bayan gidanmu duk sun zama gidaje masu dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, unguwar ta wuce mu ta yi nisa, ba mai turke balle kare. Ni ina koyarwa a wata firamare a cikin Dutse, ina zaune a ɗaki biyu na haya. A wurin aiki ana yabona da cewa ba na fifita kowa, yara ba sa faɗa a ajina, domin tun kafin hannu ya tashi na kan ga kafaɗar da ta ƙame in raba wurin zama. In an tashi kowane yaro ya ruga wurin wanda ya zo ɗaukarsa, ni in kulle aji in taho a ƙafa. Wani lokaci a hanya na kan tuna Duna, in ce na cece shi daga ruga, ya mutu a gidansu da ƙoshi, kuma haka ne. Sai dai shi kaɗai ya taɓa riƙe ni da ƙarfi haka, ni kuma na zauna na koya masa saki.